Kujerar Dama a Motar Surukina

Ranar Talata da hantsi surukina ya rasu, a kan kujerarsa ta ƙofar warsha, wato shagon aikinsa, ga kofin shayi a gefensa bai ko sha rabi ba. Na Allah ne, ya koma ga Mai shi, mu ma muna tafe. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Washegari aka kafa rumfar zaman makoki a layinmu na unguwar Ainu Shams da ke Alkahira, irin rumfar Misirawa mai jan ƙyalle da kujeru jeri-jeri, ana zagayawa da gahawa marar sukari.

Ban taɓa ganin taro mai gauraye irin wannan ba. Ga ɗalibai 'yan Najeriya da Nijar sun cika layin gaba. Ga tsofaffin Hausawan Sudan da fararen rawuna. Ga makanikai da baƙin mai a ƙarƙashin farce, sun wanke hannu har sun gaji bai fita ba. Ga kuma wasu masu ƙamshin turare daga unguwannin da ba a jin kukan jaki, direbobinsu suna ta zagaye sun rasa inda za su ajiye mota. Wani tsohon likita Bamisire ya riƙe hannuna yana hawaye, yana gaya mini cewa motar da marigayin ya ƙera masa ta girmi 'yarsa da aka aurar bara, amma har gobe da yatsa ɗaya ake rufe ƙofarta. Wani ɗalibi ɗan Maraɗi da ya ji haka ya juyo yana tambayata ko wace mota ake nufi. Shi a saninsa tsohon mai gyaran murhun gas ne, don shi ya gyara musu nasu sau biyu, ya kuma yi musu faɗa a kan datti.

A cikin gida surukata ba ta yi kuka ba. Duk wanda ya shiga gaisuwa sai ta amsa, sannan ta tambaya ko an lulluɓe motar da ke warsha. Yayan matata kuwa, ƙaton mutum da ya gaji sana'ar, ya zauna a ƙarshen layi yana amsa gaisuwa da ka.

Ni aka sa na yi karatu, tunda abin da ya kawo ni Masar ke nan, ilimin ƙira'a. Da na rufe, sai aminin marigayin ya yafito ni. Shi ne yake ɗinka fatar kujerun duk motocin da surukina ya ƙera, kuma duk gidan Kawu muke ce masa. Na durƙusa a gabansa.

"Masha Allah, ya Maulana," in ji shi. "Murya tamam. Da ma yana ji."

"Allah ya kai masa ladan, Kawu."

"Amin. Ya so ka, wallahi. Kullum cewa yake Allah ya ba 'yarsa miji. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai, shi ma bai riƙe ka da shi ba."

Na ce, "Wane abu, Kawu?"

"Ƙyamar da kake yi wa sana'arsa mana. Sau uku ya kira ka ka shiga motarsa, sau uku ka ce kana da darasi. Ya ce mini, ma'alish ya zol, ba komai, malami ne, ba a haɗa rigar malami da baƙin mai."

Ya faɗe ta ne a sauƙaƙe, yana kurɓar gahawa, don a zatonsa abu ne da kowa ya sani. Ni? Ni da nake rage murya tun daga bakin layi in na hango shi? Ni da shekara tara ban taɓa kai loma baki a gabansa ba? Mutumin da na fi girmamawa a duk ƙasar Masar ya shiga kabari yana zaton na raina shi. Wannan ne ya hana ni sukuni tun ranar, kuma shi ne ya sa na zauna rubuta wannan, don kada a manta da shi, kuma don a san irin wautar da na tafka ina ganin ladabi nake yi.

Baba, haka nake kiransa, bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Kakansa ne ya taso da ƙafa zai tafi aikin Hajji, ya yada zango a bakin kogi a Sudan, zangon ya zama gari. A can aka haifi Baba. Hausarsa irin ta kakanni ce, da kalmomin da ko a ƙauyenmu sai tsofaffi, an yayyafa mata Larabcin Sudan. Idan ya ce wa mutum "ya zol", to hira ta yi daɗi ke nan. Ya iya ƙirar butoci da akwatunan ƙarfe tun a can, amma karatu ne ya kawo shi Alkahira, kamar yadda ya kawo ni. Karatun bai karɓe shi ba. Ya yi abin da ya yi, nahawu ya ƙi shiga, sai ya bi ƙarar guduma har cikin wani lungu a bayan Wustul Balad, wato tsakiyar birni, inda wani tsoho ɗan Italiya haifaffen Masar yake yi wa motocin manyan mutane jiki. Na san wannan labarin tun kafin aure. Ban dai taɓa tsayawa na yi tunanin abin da ya bari a zuciyarsa ba.

Daga wannan tsohon ya koyi abin da ya yi har ya mutu: ƙananan motocin gudu irin na da, masu kujera biyu, ba rufi, hanci dogo, baya gajere, tayoyi masu wayoyi irin na keke. Yakan samo tsohuwar mota da jikinta ya mutu amma injinta da ƙashinta na ƙarfe suna da rai, ya tuɓe ta tsirara, ya gina mata sabon jiki da hannu. Mota ɗaya takan ci masa shekara, wani lokaci fiye.

Yana son ba da tarihin abin, kuma ba ya gajiya da maimaita shi ga duk wanda ya yi kuskuren zama kusa. A farkon zamanin mota, in ji shi, kamfani inji da ƙashin ƙarfe kawai yake sayar maka. Kai za ka kai wa maƙeran keken doki su yi mata riga. To su kuwa katako suka sani, shi ya sa suke fara haɗa haƙarƙarin katako, sannan su lulluɓe shi da ƙarfe mai laushi. Da aka koma buga jikin mota da na'ura, dubu iri ɗaya, sai masu wannan aiki suka ƙare, saura 'yan tsiraru masu taurin kai a Ingila da Italiya. "Da ni," yakan ƙarasa, yana buga ƙirji.

Kowace siffa ta motar yana da dalilinta. Hancin ya yi tsawo ne don injin da dogo ne, kuma an ja shi baya don nauyi ya zauna a tsakiya. Ƙofa an zaftare samanta ne don gwiwar hannun direba ta sami wurin fita idan zai murɗa babban sitiyari. Tsagogin da ke kan bonet na fitar da zafi ne. Idan mai saye ya ce a ƙara wani abu don ado kawai, sai Baba ya tambaye shi, "Wane aiki zai yi?" In babu amsa, babu ƙari.

Na sha tsayawa daga bakin ƙofar warsha, in an aike ni da saƙo, ina kallon yadda yake aiki. Ba shi da zane a takarda. Da alli yake zana gefen mota a jikin bango, ya ja baya, ya karkata kai, ya goge da hannun riga, ya sake. Haƙarƙarin yakan yi shi da wani katako mai ƙarfi da ake kira zan, yana mitar cewa na Turai ya fi shi jure girgiza. Falan alminiyam kuma a kan jakar fata cike da yashi yake bugunsa da gudumar katako, ko a cikin ramin wani tsohon kututture da ya gada wurin ɗan Italiyan nan, har ya lanƙwashe ya zama rafraf, wato murfin da yake lulluɓe taya. Idan ya gama sai ya rufe ido, ya ɗora tsumma a tafin hannu, ya bi jikin ƙarfen a hankali. Inda hannun ya tsaya, nan akwai tudu, ko da kai ba ka ga komai ba. "Ido maƙaryaci ne," yakan ce, "fenti ma yana ruɗinsa."

Abu biyu ya tsana a duniya. Na farko ma'ajun, ƙullin nan da masu gyaran mota suke cike lotsawa da shi su shafe da fenti. Yana kiransa munafuncin ƙarfe. Na biyu faiba, wannan abu mai kama da roba mai tauri. A kan faiba ne suka yi rigimar da duk layi ya ji shi da ɗansa, yayan matata. Ɗan ya kawo shawara a ɗauki siffar mota ɗaya a yi mata mazubi, a riƙa zuba jikin faiba, a fitar da shida a shekara maimakon ɗaya. Maganarsa da hankali a ciki, ni ma a raina na goyi bayansa. Baba ya saurara har ƙarshe, ya tashi ya ɗauko wata tsohuwar robar wanki da ta tsage, ya ajiye a gabansa.

"Gyara mini wannan."

"Abuya, wannan ai ba ta gyaruwa, sai dai a yar," in ji ɗan, don haka yake kiran ubansa.

"To abin da kake so in sa wa sunana ke nan?"

Suka yi wata guda ba sa magana sai ta bakin guduma, kowa na bugun nasa gefen. Baba ne ya fara saukowa, ta hanyarsa. Wata safiya ya miƙa wa ɗan allin, ya nuna masa bango, ya ce ya zana bayan motar da za a fara. Tun daga ranar ɗan ne yake zana baya, uban gaba. Maganar faiba ba a sake tayar da ita ba.

Yana da zafi, ba zan ɓoye ba. Ya taɓa korar wani mai shirya fim daga warsha don ya jingina da rafraf ɗin da ba a gama ba. Amma ni alherinsa na fi sani. Shekarar da mahaifiyata ta rasu a gida, takardun zamana suna hannun hukuma ana sabuntawa, ba halin tafiya. Na zauna a ɗaki na rasa inda zan sa kaina. Sai ga Baba ya rufe warsha, abin da ko ciwo bai sa shi yi, ya fito da kujeru ƙofar gidansa, ya aika aka sanar da ɗalibai da Hausawan unguwa cewa an yi masa rasuwa. Kwana uku yana zaune yana karɓar gaisuwar matar da bai taɓa gani ba. Duk wanda ya tambaye shi wa ya rasu, sai ya ce, "'Yar'uwata ce, a can gida."

Wannan mutumin na ƙi shiga motarsa.

Bari in bayyana yadda abin yake. Motar da aka gina a kan katako tana da kuka. Idan an gama ta, fenti ya bushe, an ɗaura kujeru, sai an fita da ita kan hanya a saurara. Wani wuri katako yana gugar ƙarfe, wani wuri kusa ba ta zauna ba, ga shi iskar Alkahira busasshiya ce, tana sa katako ya tsuke. Ƙarar siririya ce, tana ɓuya a ƙarƙashin rurin inji da iska. Direba ba ya iya kama ta, hankalinsa na kan hanya. Dole a sami wanda zai zauna a kujerar dama, aikinsa kawai ya kasa kunne, in ya ji ya nuna wurin. Baba bai taɓa miƙa mota ga mai ita ba sai an yi mata wannan sauraro. Shekaru da yawa Kawu ne mai kujerar dama, har bayansa ya hana shi sunkuyawa cikin mota mai ƙasa haka, kunnen ma ya yi nauyi. Baba da ɗansa kuwa guduma ta riga ta cinye musu kunne, in suna hira sai ka ce faɗa suke yi.

Kira na farko a shekarar aurenmu ne. Wata Juma'a da sassafe na ji ruri a ƙofar gida, na leƙa, ga Baba a cikin wata koriyar mota, ya ɗaure hularsa da gyale, fuskarsa sai walƙiya take.

"Yalla, ya Maulana! Zo ka ara mini kunnenka."

Na sauko na dubi kujerar. Motar ƙunci gare ta, mutum biyu in sun zauna kafaɗa na gugar kafaɗa, hannun direba in zai sa giya sai ya taɓa gwiwarka. Ni kuwa a garinmu, can ƙasar Katsina, in ka hango surukinka a hanya sai ka ratse, in ba halin ratsewa ka tuɓe takalmi ka durƙusa. Ba ka cin abinci a gabansa, ba ka kama sunansa, ba ka zama tabarma ɗaya da shi. In ya ce zo mu ci, amsar ɗan mutunci ita ce na ƙoshi, ko da yunwa na neman kashe ka, kuma shi ma amsar da yake jira ke nan. Ya za a yi in matse kafaɗa da uban matata, iska na ɗaga mini riga, in riƙa yi masa ihu a kunne? Na durƙusa a gefen taya, na sunkuyar da kai, na laluɓo uzurin da ya fi kusa da bakina.

"Allah ya ƙara girma, Baba. Ina da darasi."

Ranar Juma'a fa. Duk Masar babu wanda yake da darasi ranar Juma'a da safe, kuma mutumin da ya taɓa zama ɗalibi ya fi kowa sani. Ya dube ni, ya ce, "Tamam, tamam, karatu ya fi," ya ja motarsa. Na hau bene ina jin kaina kamar wanda ya ci jarrabawa. Har na ce a raina, yau Baba ya san ɗan gidan tarbiyya ya aura wa 'yarsa.

Kira na biyu ta bakin matata ya aiko, bayan shekara uku ko huɗu. Na ba ta amsar da na ba shi. Ita haifaffiyar Ainu Shams ce, a gidansu suruki da suruki faranti ɗaya suke ci, suna musu a kan ƙwallo. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ashe malam matsoraci ne, gudun mota yake tsoro. Na bar ta a haka. Na ga ya fi mini sauƙi a ce mini matsoraci da in tsaya ina yi wa matata bayanin kunyar ubanta, don bayanin kansa a wurina rashin kunya ne. Ita ba ta san abin da ke ran ubanta ba, shi kuma ba zai taɓa kai ƙarar miji wurin matarsa ba.

Kira na uku bara ne, kuma shi ne yake ci mini rai. Na kai masa magani warsha. Ya ajiye guduma, ya goge hannu, ya yi magana a hankali, abin da ba halinsa ba.

"Ya Maulana, ranar nan a masallaci na ga ka gyara wa liman karatu daga sahu na uku. Ni ban ji ya yi kuskure ba, ba wanda ya ji. Kai ka ji. Wannan kunnen nake so, na ɗan lokaci kaɗan. Ko da sau ɗaya."

Wallahi na so in ce to. Kalmar ta zo har bakina. Amma na ji kamar mahaifina na tsaye a bayana yana kallo, sai na durƙusa, na maimaita waccan jumlar, kalma da kalma. Baba ya ɗauki gudumarsa ya juya ta a hannu.

"Khalas, shi ke nan," ya ce. "Allah ya ba da ilimi mai amfani."

Na amsa da amin, har da shafa fuska. Ban ji komai a muryarsa ba, ni mai kunnen da ake yabo. Mutum ya bar karatu yana saurayi da ciwon abin a ransa, ya wayi gari surukinsa ɗan asalin ƙasar da kakansa ya baro, mai digiri a kan digiri, kullum yana tsaye daga bakin ƙofa ba ya shigowa, ba ya cin abincinsa, kuma duk sanda ya kira shi sai ya ce masa darasi. Me zai fahimta? Ni da na ɗauka Bahaushe duk inda yake ya san kunyar surukai, ban lissafa cewa tsakanin garinmu da gidansa akwai tazarar zuriya uku ba.

Bayan addu'ar bakwai na kasa daurewa. Na shiga wurin surukata, na zauna daga bakin ƙofa, na yi abin da ban taɓa yi ba, na buɗe baki na gaya mata duka. Na so ta ce mini ya sani. Na so ta ce ya gane daga baya, ya yi dariya.

"Ni ma yau na fara ji," ta ce. "Bai gaya mini ba. Da ya gaya mini da na warware masa, don kakata ta ba ni labarin irin wannan kunya, ta ce a can gida har ɓuya ake yi. Ku maza biyu, kowa ya kama bakinsa don ganin girman ɗan'uwansa, kuka ɓata shekara tara a banza."

"Hajja, ya tafi yana ganin na raina shi."

"Ya tafi da hakan, ɗana. Ba zan yi maka ƙarya don ka ji sanyi ba." Ta goge ido da gefen mayafi, karo na farko da na ga hawayenta. "Amma waccan motar da ke warsha ya gama ta, sauraro kawai ya rage. Mai ita ya aiko, na ce ba za ta fita daga hannunmu ba a saurare ta ba. Bai taɓa yin haka ba yana raye."

Juma'ar da ta biyo, tun hantsi bai yi ba, yayan matata ya fito da ita. Ja ce, jan gauta, kujerunta fata ruwan ƙasa, ɗinkin Kawu. Na tattare rigata na sunkuya na shiga kujerar dama. Ƙasa take sosai, in na miƙa hannu zan taɓa kwalta. Kafaɗarsa ta matse tawa, kamar yadda na hango tun shekara tara. Muka ratsa unguwa shaguna na rufe, muka hau hanyar Suwais, ya taka.

Da farko ban ji komai ba sai iska da inji, hulata ma sai da na zauna a kanta. Na rufe ido. A hankali sautukan suka rarrabu, kamar yadda muryoyin ɗalibai ke rarrabuwa in suna karatu tare: ga inji, ga taya, ga iska a gefen gilashi. Can ƙasa da su duka sai na ji wata 'yar ƙara, siririya, tana zuwa duk sanda muka hau tudu. Na jira ta dawo sau uku don in tabbatar. Sannan na kai bakina kunnensa na yi ihu iya ƙarfina.

"Bayan ƙofarka! Ƙasa!"

Ya gangara gefen hanya ya tsaya. Ya ce shi wallahi bai ji komai ba. Ya ɗaga fatar da ke bayan ƙofar, ya sa yatsa, ya danna katakon, sai ga shi yana motsi kaɗan a jikin ƙarfe. Kusa ɗaya ce ba ta kai ƙarshe ba. Ya yanko ɗan ƙyalle mai maiƙo ya cusa a tsakani, ya ɗaure ta. Muka sake hawa, muka bi tudun nan biyu, na kasa kunne har sai da kaina ya yi ciwo. Shiru. Na ɗaga masa hannu.

Da muka tsaya bai kashe injin nan da nan ba. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana kallon gaba, sannan ya dubi agogonsa, ya juyo gare ni, idonsa ja.

"Minti ashirin," ya ce. "Abin da Abuya yake nema a wurinka ke nan."

Allah ya jiƙan Baba, ya yalwata masa kabarinsa, ya sa hannuwan nan da ba su taɓa ɓoye lotsawa da ƙulli ba su karɓi littafinsu ta dama. Wanda ya karanta wannan ya yi masa addu'a. In da sauran wuri a addu'ar, ya roƙa mini Allah ya isar masa da abin da na kasa faɗa yana raye: Baba, ba ni da wani darasi ranar.